Wa ya kamata ya biya kuɗin matsugunin waɗanda aka ceto daga masu safarar mutane?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu masu haska mini. Ina taimakawa a wani gida da ake ajiye matan da aka ƙwato daga hannun masu safarar mutane, aikin sa kai ne, kwana biyu a mako. Akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin ba, wa'adin zamanta ya cika. Ranar da za a sallame ta na same ta zaune a bakin gado, kayanta duka a leda ɗaya, ta ɗaure bakin ledar, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Na ce ina za ki? Ta ce ita ma ba ta sani ba. Gida ba ya komuwa, don wadda ta haɗa ta da tafiyar ƙanwar mahaifiyarta ce. Lambar waya ɗaya tak ta haddace a duniya, ta matar da ta riƙe ta tana karɓe kuɗinta.

Mun rubuta wa ƙaramar hukumar wurin takarda muna roƙon ko ɗaki ɗaya su kama mata na wata shida. Amsar da aka ba mu, da baki ma ba a rubuce ba, ita ce wannan ba huruminsu ba ne, aikin gwamnatin ƙasa ne. To ni tambayata: bai dace ƙaramar hukuma ta ware wani abu a kasafin kuɗinta don matsuguni da kula da irin waɗannan mutane ba? Ko da gaske ba aikinta ba ne, mu daina ɓata takarda?

Abu_Sumayya: Wa alaikumussalam. Allah Ya saka miki da alheri Hajiya. Amma a faɗi gaskiya, ƙaramar hukumar da kwalbati ya gagare ta, albashin malaman firamare sai an kai ruwa rana, ita za a ɗora wa wannan kaya? Gwamnatin ƙasa ce ke kamawa, ita ke kai wa kotu, ita ke zuwa taro tana ɗaukar hoto. Wanda ya fara shi ya kamata ya ƙarasa.

Barista_Rabi: Maman Ilham, ba ki faɗi ƙasar da kike ba, kuma amsar tana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Amma bari in fara da abin da ya haɗa kowa. Yarjejeniyar Palermo ta shekarar 2000, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da safarar mutane, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ambaci matsuguni da magani da ba da shawara da samar da aiki a sashe na 6. Sai dai in kin karanta lafazin za ki ga an ce ƙasashe su "duba yiwuwar" yin hakan. A wajen hukunta mai laifi kuwa an rubuta dole. Tun daga nan aka samu giɓin da yarinyarki ta faɗa ciki.

Idan Nijeriya ce, an kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a 2003, aka sabunta dokarta a 2015, kuma tana da gidajen ajiye waɗanda aka ceto, inda akasari zaman ba ya wuce mako shida sai da dalili. Wanda ya ce miki ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne kuma, ki tambaye shi ko ya karanta jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999. A cikin ayyukan da aka lissafa wa ƙananan hukumomi akwai kafawa da kula da maƙabartu da gidajen marasa galihu da nakasassu. Ba a ambaci safarar mutane da suna ba, amma yarinyar da ba ta da inda za ta kwana, in ba marar galihu ba ce mece ce?

Abu_Sumayya: Barista, rubutu a takarda daban, kuɗi a asusu daban.

Barista_Rabi: Haka ne Malam, amma ai su ba cewa suka yi ba su da kuɗi ba. Cewa suka yi ba aikinsu ba ne. Ni wannan nake amsawa.

Tsohon_Akanta: Na yi shekaru a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, bari in gaya muku yadda irin wannan takarda take mutuwa. Ba mugunta ba ce ko da yaushe. Takarda ta zo, sai a tambaya a ƙarƙashin wane layi na kasafi za a biya? In babu layin, ma'aji ba zai sa hannu ba, don shi mai binciken kuɗi zai riƙe gobe. Sai a tura ta sashen jin daɗin jama'a, su kuma abin da ke hannunsu bai wuce na taimakon gaggawa ba, wanda tun watan uku na shekara ya ƙare. Sai a sa ta a fayil a ce ana dubawa. Shi ke nan.

Don haka Hajiya, roƙon ɗaki ɗaya don yarinya ɗaya ba zai kai ku ko'ina ba, ko an ba ku yau gobe wata za ta zo. Abin da za ku nema shi ne layi a kasafi, da sunansa, kuma ku nema lokacin da ake haɗa kasafin shekara mai zuwa. Wanda ya zo bayan an rufe littafi sai dai a ba shi haƙuri.

Zainabu_Landan: Ni a Ingila nake aiki da wata ƙungiya, kuma ku yarda da ni, wannan jifa da ake da mutum daga ofis zuwa ofis har nan ana yi. Akwai tsarin da aka kafa a 2009 na tantance wanda ake zaton an yi safararsa. In aka ga alamun gaskiya, ana ba shi mafaka da ɗan kuɗin kashewa da ma'aikacin da zai riƙa bibiyar lamarinsa. Gwamnatin tsakiya ce ke biya, kuma tun 2011 ƙungiyar Salvation Army ce ke riƙe da kwangilar manya a Ingila da Wales. Da can mafi ƙarancin lokacin murmurewa kwana 45 ne, dokar 2022 ta mayar da shi 30, kodayake mutane da yawa sukan shafe fiye da shekara suna jiran hukuncin ƙarshe.

Matsalar tana farawa ranar da aka ce to an tabbatar, lallai an yi safararki. Daga nan sai a fara shirin fitar da ke, kuma gidan zama na dindindin a hannun majalisar yanki yake. Su kuma suna da jerin waɗanda doka ta ce a fifita. Matar da ta gudo daga dukan miji ta shiga jerin kai tsaye tun dokar 2021. Wadda aka yi safararta ba ta shiga kai tsaye ba, sai ta nuna cewa raunin halinta ya fi na sauran marasa gida. Ku duba fa, mutumin da gwamnati da kanta ta rubuta cewa an bautar da shi, sai ya sake zama gaban wani ma'aikaci ya kwance labarin tun daga farko. Yara ne kawai ba a gardama a kansu, don dokar yara ta 1989 ta ɗora su a wuyan majalisar yanki.

Kwamared_Lawi: To kun ji. Ingila ma da kuɗinta haka take, balle.

Zainabu_Landan: Kwamared, ba don a sare gwiwa na faɗa ba. So nake a ga cewa ramin wuri ɗaya yake ko'ina: tsakanin mafakar gaggawa da gidan da mutum zai kira nasa.

Gaskiya_Daci: Ni fa ku yi haƙuri, zan faɗi abin da wasu ke tunani suka kasa faɗa. Da yawansu su suka kai kansu. An yi ta gargaɗi a rediyo, an yi a masallatai da coci, suka toshe kunne don kwaɗayin ƙasar waje. Yanzu kuma a ɗebi kuɗin talakan da ya zauna ya yi haƙuri da talaucinsa a kama musu gida? Marayu da zawarawa da ke unguwa fa, wa ya kama musu?

Ummu_Khalil: Subhanallah. Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah.

Barista_Rabi: @Gaskiya_Daci, ka haɗa abu biyu ne. Akwai wanda ya biya a tsallakar da shi iyaka, aka kai shi, suka rabu. Wannan fasa-ƙwaurin mutane ne. Safara kuwa ita ce a yaudare ka ko a tilasta ka don a ci da guminka ko jikinka. Sashe na 3 na yarjejeniyar da na ambata ya ce in aka yi amfani da yaudara ko barazana ko raunin halin mutum, to amincewarsa ba ta da wani tasiri. Wadda aka ce mata aikin shago za ta yi, ta isa aka karɓe fasfonta aka ce ana bin ta bashi, ta yarda da tafiya amma ba ta yarda da abin da ta tarar ba. In ɗan ƙasa da shekara 18 ne ma, ko yaudarar ba a buƙatar a nuna. Kuma ba sai an tsallaka iyaka ba. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aka kai ta aikatau, dillaliya ke karɓar albashinta, ita ma tana iya shiga ciki.

Gaskiya_Daci: Na ji Barista, na kuma karɓi gyara a kan wannan. Amma tambayata ta biyu tana nan. In ɗaki goma ne da ƙaramar hukuma, mabuƙata ɗari, da wane dalili za a tsallake marainiyar unguwa?

Tsohon_Akanta: Wannan tambayar tasa ba ta banza ba ce, kuma ita kansiloli za su yi muku a zauren majalisa. Gara ku tanadi amsa.

Na_Dawo_2018: Ban cika magana a nan ba, amma yau zan yi. Ina cikin waɗanda aka kwaso daga Libiya bayan bidiyon nan na CNN na ƙarshen 2017 da ya nuna ana gwanjon mutane. Ni na kai kaina, @Gaskiya_Daci, ban musa ba. Amma ban kai kaina a kulle ni a ɗaki ana dukana ana kiran mahaifiyata tana ji a waya ba. Gonar gado aka sayar aka tura kuɗin fansa, aka sake sayar da ni ga wani, na yi wata bakwai ina ɗaukar bulo ba ko sisi.

Da muka sauka an karɓe mu, an ba mu wurin kwana na 'yan kwanaki da kuɗin mota. Kowa ya ɗauka gida zan tafi. Da wane ido zan kalli ƙannena da aka sayar da gonarsu saboda ni? Na yi kusan wata biyu ina kwana a tasha, takalmina ne matashin kai don kar a sace. A wannan zaman mutum biyu suka same ni da maganar wata sabuwar hanya, wai wannan karon ta jirgi ce. Wallahi saura kaɗan in bi. Abin da ya hana ni wani dattijo mai gadi ne da ya bar ni ina kwana a ɗakinsa in ya tafi aikin dare. Ɗakin ko tabarma biyu ba zai ci ba. Amma akwai ƙofa, akwai sakata. Daren farko na yi barcin da rabona da shi tun kafin in tafi.

Ku da kuke lissafin wa ya cancanta, ni dai abin da na sani shi ne masu neman wanda za su sake ɗauka sun san inda muke kwana. Hukuma ce ba ta sani ba.

Ummu_Khalil: Allahu Akbar. Allah Ya ƙara rufa asiri ɗan'uwa, Ya saka wa dattijon nan da Aljanna.

Maman_Ilham: @Na_Dawo_2018 na gode da ka buɗe cikinka. Abin da nake tsoro ke nan game da yarinyar nan, a gudu ba a tsira ba. Kuma ina ganin amsar @Gaskiya_Daci tana cikin labarinka. Marainiyar unguwa tana cikin buƙata, babu musu, amma babu wanda ke farautarta da sunan tana da bashinsa.

Dr_Hadi: Labarin ɗan'uwanmu ya taɓo wani abin da ake mantawa: maza. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2022 tare da IOM (hukumar kula da ƙaura ta duniya) da ƙungiyar yaƙi da bauta ta Walk Free ya ce mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a 2021. Daga ciki miliyan 6.3 ne a karuwancin dole, miliyan 17.3 kuma a gonaki da gine-gine da masana'antu da aikin gida da makamantansu. Ba duk mai aikin tilas ne aka yi safararsa ba, kar a ce na ce, amma alƙaluman suna nuna inda nauyin yake. Duk da haka je ka duba gidajen mafaka a kusan kowace ƙasa, yawancinsu na mata da yara ne. Namiji in ya kuɓuta sai dai tasha ko kango.

Auwalu_Torino: Gaisuwa daga Italiya. Tunda ana kawo misalai, bari in kawo na nan, don ya shafi tambayar kai tsaye. Sashe na 18 na dokar shige da fice ta 1998 ya ba da damar a ba wanda aka ci zalinsa takardar zama ta wucin gadi, ana iya sabuntawa, tare da shiga shirin da ya haɗa da gida da koyon harshe da neman aiki. Abin da ya bambanta shi, akwai hanyar da ma'aikatan jin daɗin jama'a ko ƙungiya za su nema wa mutum ba tare da ya fara kai ƙara wajen 'yan sanda ba. A tsarin farko kuma an raba kuɗin ne, gwamnatin tsakiya kashi 70, hukumomin yanki kashi 30. Wato ba a ce wa ƙaramar hukuma ɗauki duka ba, ba a kuma bar ta ta naɗe hannu ba.

Dalilin da ya sa rashin tilasta kai ƙara yake da muhimmanci, ku tuna a 2016 mata 'yan Nijeriya kimanin 11,000 suka iso nan ta teku, IOM ta ƙiyasta kashi 80 cikin ɗari na iya zama waɗanda aka yi safararsu. Da yawa an ɗora musu bashin da ya kai Yuro 30,000 ko fiye, an kuma rantsar da su kafin su taso. Wadda ke tsoron rantsuwa ba za ta buɗe baki a makon farko ba ko za a yanka ta. Shi ya sa da Oba na Benin, wato sarkin birnin Benin na Nijeriya, Ewuare na Biyu, ya warware waɗannan rantse-rantse a watan Maris na 2018, labarin ya zagaya gidajen mafaka na nan kamar wutar daji.

Kwamared_Lawi: Raba kuɗi 70 da 30 ya yi ma'ana a takarda. Amma ni matsalata ba a nan take ba. Ku ba ciyaman layin kasafi mai suna "gidan sirri na waɗanda aka ceto", wanda ba a faɗin inda yake, ba a faɗin sunan waɗanda ke ciki. Kun buɗe masa rijiyar da ba ta da ƙasa. Shekara za ta ƙare a ce an kula da mutum hamsin, wa zai je ya ƙirga?

Tsohon_Akanta: Kwamared ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Gaskiya ne akwai karo tsakanin sirri da bin diddigi. Adireshi dole a ɓoye, don wanda ya bautar da ita yana nemanta, musamman in za ta ba da shaida a kotu. Amma ɓoye adireshi ga jama'a bai hana mai binciken kuɗi ganin takardar haya da rasit ba. Ana iya ba kowane mutum lamba a maimakon suna, kuɗin haya ya tafi asusun mai gida kai tsaye ba ta hannun kowa ba, sannan hukumar da ta turo mutum ta sa hannu cewa lallai ita ta turo shi. Hannu uku ke nan. Ba zai hana sata ɗungurungum ba, amma ɓarawo sai ya nemi abokai biyu.

Abin da na fi tsoro ma ba wannan ba ne. Ɗan siyasa gini yake so. Gini ana yanka masa kyalle, ana manna allo da sunansa. Za a gina katafaren gida, a rubuta abin da ake yi a ciki da manyan baƙaƙe a bakin titi, kowa ya san su wa ke ciki, sannan shekara mai zuwa babu albashin mai gadi, babu na ma'aikaciyar da za ta zauna da su, babu kuɗin wuta. Na ga gine-gine irin wannan da awaki suka gaje. Ni da za a ji tawa, kar a gina komai. A kama ɗakunan haya a warwatse cikin gari, a sa kuɗin a kan ma'aikata.

Hauwa_Jidda: Baba Akanta na goyi bayanka ɗari bisa ɗari a kan haya. Kuma akwai wani dalili. Gidan da aka tara mutane wuri ɗaya yakan koma kamar kurkuku: a karɓe waya, a kulle get, ba fita sai da rakiya. Human Rights Watch ta yi rahoto a 2019 a kan Nijeriya inda ta soki wannan salon na tsare waɗanda aka ceto a rufaffun gidaje. Mutumin da abin da aka yi masa shi ne kullewa da ƙwace waya, ka zo ka ce za ka warkar da shi da kullewa da ƙwace waya?

Maman_Ilham: Anti Hauwa, a nan kam zan ɗan saɓa miki. Mu ma muna karɓar waya a makonnin farko, kuma ba don mugunta ba. Na ga yarinyar da aka kira ta sau ɗaya, muryar matar kawai ta ji, jikinta ya hau rawa, da asuba ta tsallake katanga. Akwai lokacin da mutum bai iya tsare kansa ba tukuna. Inda na yarda da ke shi ne bai kamata wannan ya zama shi ke nan tsarin ba. Mako biyu ko uku na farko daban, wata shida na gaba daban. Na farkon muna iya ƙoƙarinmu. Na biyun ne babu mai shi.

Dr_Hadi: Abin da Baba Akanta da Hajiya Hauwa ke kwatantawa yana kama da tsarin da aka fara a New York a 1992 don marasa gida, wanda Finland ta mayar da shi manufar ƙasa daga 2008. A ba mutum gida tukuna, da makullinsa, ba tare da sharaɗin sai ya warke ko sai ya samu aiki ba, sannan taimako ya riƙa zuwa masa har gida. Ba don waɗanda aka yi safararsu aka ƙirƙiro shi ba, kuma batun tsaro ya sa ba za a kwafe shi yadda yake ba. Amma a Finland ƙananan hukumomin birane ne suka ɗauki babban ɓangare na aikin, gwamnatin tsakiya na tallafawa.

Sadiq_Ohio: A Amurka dokar kare waɗanda aka yi safararsu tana nan tun 2000, har da biza ta musamman da ake iya ba mutum 5,000 a shekara. A 2020 ma'aikatar shari'a ta raba sama da dala miliyan 35 ga ƙungiyoyi 73 don gidajen wucin gadi na wata 6 zuwa 24. Abin lura, kuɗin tallafi ne mai wa'adi. In ya ƙare ƙungiya ta sake nema, in ba ta samu ba sai ta koma ga birni ko gunduma tana roƙo. Wata matsalar kuma masu gidajen haya suna duba tarihin mutum kafin su ba shi. Wadda aka tilasta wa aikata laifi, aka kama ta, sunanta ya ɓaci a kwamfuta, ko da kuɗin a hannu sai a ƙi ta.

Abu_Sumayya: Duk na karanta. Har yanzu ban ga wanda ya amsa mini wannan ba: wace ƙaramar hukumar? An ɗauko yarinya daga wuri na ɗaya, an bautar da ita a na biyu, an ceto ta a na uku, ita kuma ta ce a na huɗu take son zama don babu wanda ya san ta. Kowane ciyaman zai ce ba 'yar yankinsa ba ce. Wanda ya yi kirki ya buɗe ƙofa kuma, sai kowa ya turo masa nasa.

Zainabu_Landan: Malam Abu Sumayya wannan ita ce babbar gardamar da muke sha a nan. Majalisun yanki suna tambayar alaƙarka da yankin, alhali wanda aka yi safararsa sau da yawa alaƙarsa ɗaya da wuri ita ce a nan aka azabtar da shi, kuma nan ne bai kamata ya zauna ba. A Holan tun 2015 aka miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin mafaka, amma gwamnatin tsakiya ta ci gaba da biyan wasu gidaje na musamman don baƙi da ke cikin wata ukun da ake ba su na yin tunani ko za su kai ƙara, kuma akwai cibiya ɗaya ta ƙasa da ke neman wa mutum gurbi. Ko da hakan ana samun jira.

Issoufou_227: Mu a Nijar dokar tana nan tun 2010, kuma a 2019 aka buɗe cibiyar farko ta gwamnati ta karɓar waɗanda aka ceto a Damagaram, da taimakon IOM. Ku auna girman ƙasar, ku auna cibiya ɗaya. Magajin gari shi ne na kusa, shi ake fara kai wa yaro in an tsince shi, amma aljihunsa ne mafi ƙanƙanta.

Barista_Rabi: Ga Nijeriya dai hujjar rashin kuɗi ta fara rauni, a ƙa'ida. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, na sani. Sannan dokar 2015 ta tanadi asusun amana na waɗanda aka yi safararsu. Da za a ce kuɗi ya bi mutum duk inda ya zauna, asusun ƙasa ya biya haya, ƙaramar hukuma ta ba da ma'aikaci da gurbin asibiti da makaranta, da tambayar Malam Abu Sumayya ta rage kaifi.

Kwamared_Lawi: "Da za a ce." Barista kin fi kowa sanin nisan da ke tsakanin wannan kalma da ƙasa.

Gaskiya_Daci: Ni har yanzu ina kan bakata cewa in za a buɗe layi, a buɗe na duk wanda ba shi da wurin kwana, su shigo ciki kamar kowa. In ka ware su da suna, mutanen unguwa za su ce ana saka wa masu zuwa yawon duniya, kuma tambarin zai bi su.

Hauwa_Jidda: Abin mamaki, a kan tambarin nan na yarda da kai. A kan "kamar kowa" ne ban yarda ba, don jerin kowa da kowa shekaru ake yi ana jira, ita kuma kwana nawa gare ta?

Maman_Ilham: Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci zaren zai yi tsawo haka ba. Yarinyar dai yanzu tana wajen ɗaya daga cikin ma'aikatanmu, a ɗakin 'ya'yanta, wanda ya saɓa wa ƙa'idarmu kuma ba zai ɗore ba. Jiya ta tambaye ni ko akwai inda ake koyar da gyaran waya. Baba Akanta, in mun rubuta takardar neman layin kasafin, wa za mu fara kai wa, kansilan mazaɓa ko shugaban sashen jin daɗin jama'a? Barista, ko za ki duba mana ita kafin mu kai?

Barista_Rabi: Turo mini ta akwatin sirri, amma ki cire duk abin da zai sa a gane ta, har da shekarunta da inda aka same ta.

Tsohon_Akanta: Shugaban sashe tukuna, don daga teburinsa ƙiyasi ke tashi. Kansila daga baya, shi zai kare shi a zaure. Ku kai kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku riƙe. Kuma kar ku rubuta "tallafi" kawai, ku rubuta ɗaki nawa, wata nawa, ma'aikaci nawa.

Na_Dawo_2018: In za ku rubuta ɗaki nawa, Hajiya, don Allah ku sa ko ɗaya na maza.